Babban bala'i a Legas: kayan aiki ko mutanen unguwa?

Malamin makaranta, Agege: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakana. Hukumomin agaji suna shirya wa gobarar shago da haɗarin mota, abin da suka saba gani kullum. Ranar da babba ya zo, shirin nan ba zai kai ko'ina ba. Ku tuna 27 ga Janairu 2002, da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe. Sama da mutum 1,000 suka rasu, kuma yawancinsu ba bam ne ya same su ba. Gudu suke cikin ruɗani suka auka magudanar ruwan Oke-Afa. Babu wanda ya ce musu ku bi nan, kar ku bi can. Don haka a fara da horar da mutanen unguwa kafin a sayi sabbin motoci.

Direban tirela, Apapa: Malam, Allah ya gafarta, ban yarda ba. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Nuwamban 2021, da hannu za a ɗaga kankarensa? Sai katafila da ƙwararru. A ƙara wa LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta Jihar Legas, da NEMA, ta tarayya, ƙarfi kawai.

Malamin makaranta: Kai da kake kwana a cunkoson Apapa, katafilar ta ina za ta bi idan ruwa ya shanye hanya? Kafin ta iso, maƙwabci ne ke jawo mutum.

Mai sayar da albasa, Mile 12: Ku saurare ni, 'ya'yana. Mu nan ruwan ba ya zuwa mana ba zato. Duk lokacin da za a saki ruwan madatsar Oyan, kogin Ogun ya cika, ana sanarwa cewa mutanen Mile 12 da Agiliti da Isheri su tashi. Su tashi su je ina? Mai 'ya'ya shida da buhunan kaya ba ya tashi a kan magana. A nuna mana makarantar da za mu fake tun kafin damina, a faɗa da Hausa a lasifikar masallaci, a sa sarakunan Hausawa a ciki.

Direban tirela: Hajiya, wannan kam gaskiyarki. Amma wa zai biya kuɗin horon? Mutanenmu da yawa ko lambobin kiran agajin gaggawa, 767 da 112, ba su sani ba.

Mai sayar da albasa: To a fara da wannan, ranar Juma'a bayan huɗuba. Malam, kai za ka yi wa liman magana, ko ni in aika?