Turaren dutifiri da yada zango a Addis, za a ƙwace min ne? Da wata tambaya a kan sautun kwalba

Ɗan Badariya:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu yawan tafiya ku taimaka min da shawara. Wurin aikinmu sun turo mu kwas na mako biyu a Dubai, saura kwana huɗu mu dawo in Allah ya yarda, kuma wannan ce fitata waje ta farko don ko Umara ban taɓa zuwa ba. Hanyarmu daga Dubai sai Addis Ababa mu yada zango kamar awa uku, daga nan sai Abuja, in kwana can washegari in hau jirgin cikin gida zuwa Birnin Kebbi, filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa.

To ga matsalar, bikin ƙanwata ya matso kuma Inna ta ɗora min sautun turare kamar ni ne mai shagon, na feshi manya guda biyu, man oud tola uku, sai zuma kwalba ɗaya da ita Innar ta ce lallai in taho mata da ita. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi ya ce kar in wahalar da kaina a kasuwar Deira, in bari sai mun shiga filin jirgi in saya a shagon dutifiri, wato shagon cikin filin da ake sayar da kaya ba haraji, tunda an riga an gama bincike babu mai taɓa ni, amma wani kuma ya ce min shi a gabansa aka karɓe na wata mata a wajen canjin jirgi aka jefa a kwandon shara tana ji tana gani. Wa zan bi a cikinsu? Kuɗin nan ba nawa ba ne wlh, adashen Inna ne.

Ta biyu kuma ita ta fi damuna. Akwai wani abokin aikina, ba musulmi ba ne, mutumin kirki ne na gaske don shi ya riƙe min aikina lokacin da Baba yake kwance asibiti, ya turo min saƙo wai in taho masa da kwalbar wiski ɗaya daga dutifiri, ya ce kwastan sun yarda mutum ya shigo da lita ɗaya ba haraji. Ni dai raina bai kwanta ba ko kaɗan amma ina jin nauyinsa, kuma ina so in san gaskiyar dokar kafin in ba shi amsa.

Hajiya Mai Humra, Jega:

Wa alaikumussalam ɗana. Ni shekara goma sha ɗaya ina wagga hanya ina saro turare da atamfa, bari in gaya maka abin da ya same ni da kaina don kar ya same ka. Su duka biyun gaskiya sunka faɗi, kowa dai rabinta ya riƙe. In ka sayi abu mai ruwa a dutifiri suna saka maka shi cikin wata leda mai haske mai jan baki, su saka rasit ciki yadda za a iya karanta shi daga waje, sannan su liƙe bakin da gam irin wanda in an ɓare sai ya nuna. Wagga leda ita ce takardar shedarka, ba turaren ba, ba kuma bakinka ba.

Ni kuwa wata tafiya da munka yi, na sayi turare babba mil 200, wato mililita 200, an liƙe min lafiya lau, muna cikin jirgi wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta ce Hajiya bari in ji ƙamshin wanga ko in saya wani zuwa, ni kuma da ban san dawan garin ba na sa haƙori na yage ledar na fesa mata a bayan hannu. Da munka sauka wurin canjin jirgi sai anka sake jera mu a layi ana saka jakunkuna a na'ura, yarinyar da ke wurin ta ɗago ledar ta duba bakin ta girgiza kai kawai. Na nuna rasit, na yi magiya, na ce ko a bar ni in fesa shi duka a jikina, ina, ta nuna min agogo ta nuna min kwando. Har yau in na tuna ƙarar faɗuwar kwalbar nan sai gabana ya faɗi, ribar tafiyar gaba ɗaya ta tafi a nan.

Don haka ni shawarata ka tafi Deira ɗin ka saya a natse, ka yi ciniki, ka saka a babbar jakar awo. Ka naɗe murfin kowace kwalba da salatif, ka saka ta a leda ka ɗaure, ka cusa cikin safa ko ka naɗe da shadda, a tsakiyar jaka ba gefe ba don jifa suke yi da kaya. Zuma kuwa kar ka kuskura ka riƙe ta a hannu, su wurinsu zuma ruwa ce, haka man shafawa da man goge baki da man zaitun da na habbatussauda. Man oud tola uku ba komai, tola ɗaya wajen mil 12 ce, wannan ka riƙe shi a jakar hannu ma ya fi tunda shi ne mai tsada.

Baban Yara, Gwandu:

Hajiya ta gama magana, ƙari kawai zan yi don na ɗan yi aiki a ɓangaren kayan fasinja kafin in yi ritaya, kuma mutane da yawa suna ɗauka mugunta ce kawai ake musu. Dokar nan ta samo asali ne a watan Agustan 2006 lokacin da 'yan sandan Ingila suka bankaɗo wani shiri na tarwatsa jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada da sinadarai masu ruwa da za a ɓoye a kwalaben lemo. Tun daga nan aka ce duk abu mai ruwa da zai shiga jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mil 100, kuma duka su shige leda ɗaya mai haske mai cin lita ɗaya. Ka lura ɗana, girman kwalbar ake dubawa ba abin da ke cikinta ba, kwalbar mil 200 ko saura ɗan kaɗan a ƙasanta za a karɓe. Magani da abincin jarirai ne aka ɗaga wa ƙafa, su ma sai ka fito da su ka nuna.

Ledar da Hajiya ta faɗa kuwa tsarin hukumar jiragen sama ta duniya ne, ICAO, aka fito da ita don masu canjin jirgi irinka. Amma kowace ƙasa tana da ikon ta karɓa ko ta ƙi, Amurka alal misali sai rasit ɗin ya nuna ba a wuce awa 48 da saye ba. Wasu filaye a Turai sun sa sababbin na'urori sun sassauta, kar wannan ya ruɗe ka, dokar filin da kake tsaye a cikinsa ita ke aiki a kanka ba ta wanda ka baro ba.

Inda na fi so ka buɗe kunne shi ne Abuja, nan ne mutanenmu suka fi yin asara ba ma a waje ba. Kai ka ce za ka kwana, to washegari sabuwar tafiya ce, sabon bincike, ledar Dubai ta gama aikinta tun da ka fito daga filin. Ko da ka sayi wani abu a dutifiri ɗin, da ka karɓi babbar jakarka ka buɗe ka saka shi ciki kafin a auna. Kuma ka duba tikitinka na cikin gida kilo nawa aka ba ka, yawanci bai kai na jirgin waje ba, kar ka zo kana biyan kuɗin ƙarin kaya da ya fi kuɗin zumar.

Jakar awo ma tana da iyaka, mutane ba su sani ba. Turare mai sinadarin alkohol abu ne mai kamawa da wuta, ƙa'idar kamfanonin jirage ita ce kowace kwalba kada ta wuce rabin lita, jimillar irin waɗannan kaya kuma kada ta wuce lita 2 ga mutum ɗaya. Naka bai kai ko kusa ba. Gawayin kasko mai saurin kamawa kada ka saka shi ko'ina, a Kebbi ma akwai gawayi. In ka sayo kaskon turaren wuta mai caji ko fawa bank, su a jakar hannu ake riƙe su saboda batirin.

Abu Hanan, Argungu:

Ni ta biyun zan taɓa don na ga kowa ya zagaye ta. Abokinka bai yi ƙarya ba, ƙasashe da yawa suna da adadin giyar da baligi zai shigo da ita ba haraji, Amurka lita ɗaya ga wanda ya kai shekara 21, Dubai ɗin da kake ciki lita 4, mu ma kwastan ɗinmu suna barin ɗan abin da mutum zai yi amfani da shi shi kaɗai. Wasu kuma ko ɗigo ba a shiga da shi, Saudiyya da Kuwait haramun ne gaba ɗaya, Katar ma ba a shiga gari da ita. A wajen jirgi kuwa duk wadda ƙarfinta ya wuce kashi 70 cikin 100 ba a ɗaukarta sam, daga 24 zuwa 70 kuma iyakarta lita 5.

Amma ɗan'uwa izinin kwastan magana ce ta haraji kawai, suna cewa ba za ka biya gwamnatin tarayya kuɗin fito ba, ba su ce maka ka yi yawo da ita duk inda ka ga dama ba. Kai ba Abuja za ka tsaya ba, Ambursa za ka sauka. Tun da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura a 1999 ta fara aiki a Janairun 2000, Kebbi ma ta bi sahu a shekarar 2000 ɗin, kuma kai musulmi ne dokar tana hawa kanka kai tsaye ba kamar shi ba. A ce an buɗe jakarka a gaban mutanen garinku ga turaren bikin ƙanwarka ga kwalba a gefe, wa zai tsaya sauraron cewa sautu ne?

Wannan ma duk ta duniya ce. Hadisi ya zo a Tirmizi cewa an la'anci mutum goma a kan giya, a cikinsu har da mai ɗaukarta da wanda aka ɗauko wa. Ni a ganina kar ka tsaya kwana-kwana ko ka ce masa ka manta, ka gaya masa gaskiya cewa addininka bai yarda ka ɗauka ba, mutumin da ya riƙe maka aiki kana jinya zai gane. Ka sayo masa agogo ko turare mai kyau da kuɗinka, ka kai masa har gida.

'Yar Yauri:

Sannunku da ƙoƙari. Yaya Abu Hanan to shi turaren feshin da aka ce akwai alkohol a ciki fa, ba shi ma ya shiga ba? Kuma Hajiya dan Allah ya batun zamzam, mamana za ta je Umara kuma ita ma da canjin jirgi za ta dawo, tana ta cewa za ta cika jarka ta saka a akwati.

Abu Hanan, Argungu:

Ƙanwata wannan malamai sun yi saɓani a kai, akwai masu ƙyamarsa akwai masu ganin babu laifi tunda ba na sha ba ne, ki tambayi malamin da kika natsu da shi. Wanda yake son fita daga saɓanin sai ya tsaya a kan na mai irin su oud da miski. A wajen kwastan dai turare turare ne ba a lissafa shi cikin giya, sai dai in ya yi yawa su ce na kasuwa ne a biya haraji.

Hajiya Mai Humra, Jega:

Ɗiyata ki hana ta tun yanzu. Hukumar jiragen Saudiyya ta hana saka zamzam cikin akwati, in na'ura ta gani sai a fiddo jakar a buɗe, wani lokaci ma jaka ta makara ba ta biyo jirgin ba. Akwai na lita 5 da anka liƙe cikin kwali da leda, shi aka yarda da shi, ɗaya ga mutum, a filin jirgin Jidda ake saye a miƙa shi wurin awo daban, amma ta tambayi kamfanin jirginta tun kafin ta saya ko suna ɗauka. Ta rubuta sunanta da lambar waya da babban alƙalami a jikin kwalin ta kowane gefe don duka kamarsu ɗaya, ni na taɓa tsayawa gaban guda sun fi talatin ban san nawa ba. Alhazai kuwa hukumar alhazai ke kawo nasu a raba musu a gida, shi ya sa ba ki ganinsu da shi a hannu.

Ɗan Badariya:

Allah ya saka da alheri, Hajiya da Baba da Malam Abu Hanan wlh kun sauke min kaya. Yanzu na dawo daga Deira, na samu na feshin guda biyu da zumar, na zauna a ƙasan ɗaki na naɗe su da salatif na cusa cikin safa kamar yadda Hajiya ta ce har abokin ɗakina yana tambaya ko ƙwai nake shiryawa. Oud ɗin yana cikin 'yar leda a jakar hannu. Abokin aikin nawa kuma na kira shi ban yi saƙo ba, na faɗa masa yadda abin yake, ya yi shiru kaɗan sannan ya ce ba komai shi ma bai yi tunani ba da ya tambaye ni, wai in akwai dabino mai kyau in taho wa yaransa da shi. Baba tikitin Abuja zuwa Kebbi na duba, jakata ta ɗara kilon da suka ba ni da kusan uku, gobe zan rage takalma in mayar jakar hannu.