Kafin a haƙa wurin ninƙaya a bayan gida

Mun tattauna batun nan da magina a Maradi, abin da suka fi nanatawa shi ne ruwa. Ramin mita 8 a 4, zurfin mita 1.5, zai ci lita 48,000, kuma zafin Afrilu zai dinga shanye shi kullum. In ba ka da rijiyar burtsatse, yi lissafi tun yanzu.

Ƙasarmu rairayi ce, bangon rami na saurin zubewa, don haka a gama haƙa da zuba kankare da rodi kafin damina. A nisanci shadda da saiwar dogon yaro.

Injin tace ruwa kuwa, a haɗa shi da sola, tunda an san halin wutarmu. In ya tsaya, ruwan ya koma kore, sauro ya samu gida. Lokacin hunturu a rufe da tamfol saboda ƙura. Masu yara suka dage sai an kewaye da shinge mai ƙofa da kwaɗo, ni ma ina bayansu.