Muhawara: Gina matakan gem da kayan kamfani, sana'a ce ko ɓata lokaci?

Nasiru, Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya wani yaro ya kawo min gyaran laftof, ina kunnawa na ga taswirar Counter-Strike yake ginawa, wato fagen da ake fafatawa a cikin gem ɗin, wai wata biyar yana kanta. Layin dogon Agege ya zana, ga gadar Pen Cinema a sama, ga rumfunan masu tumatir a gefe, har da kwandunan da ake ɓuya a bayansu. Wallahi aikin ya yi kyau. Amma na faɗa masa gaskiya: gina mataki da kayan gyaran da kamfani ya ba ka ba shi da gobe, gara ya koyi abin da zai zama nasa. Ya bar laftof ɗin ya tafi ransa a ɓace. Ni har yanzu ina kan bakana. Wanda yake ganin na yi kuskure ya fito.

Habibu, Yaba: Wa alaikumus salam, Yaya Nasiru. Ka yi kuskure, kuma hujjata tana cikin laftof ɗin da ke gabanka. Ai shi kansa Counter-Strike ba kamfani ne ya fara shi ba. Minh Le da Jess Cliffe ne suka ɗora shi a kan gem ɗin Half-Life na kamfanin Valve a 1999, sai a 2000 Valve ta saye shi ta ɗauke su aiki. Taswirarsa ta Dust2 da ake bugawa tun 2001 har yau, wani matashi ɗan Ingila, David Johnston, ne ya zana ta. Dota ma taswira ce kawai a cikin Warcraft III a 2003. PUBG da ke cikin wayar kowa a nan, mai shi Brendan Greene da yi wa gem ɗin Arma 2 kwaskwarima ya faro. Da waɗannan sun haɗu da mai gyara irinka tun farko, da yau me muke bugawa?

Nasiru, Agege: Habibu, labarin da ka kawo na lokacin da kamfanoni ba su farga ba ne. Tunda Dota ta suɓuce wa Blizzard, masu Warcraft III, ta koma hannun Valve, ka ga abin da ya biyo baya? Da suka sake fitar da Warcraft III a 2020, sai suka rubuta a ƙa'idarsu cewa duk wasan da ka ƙirƙira da editansu, wato manhajar gina taswira, mallakinsu ne. Kai da kwana ba barci, su da mallaka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Rabi'atu, Idi-Araba: A nan ina bayan Yaya Nasiru. Ku dubi Super Mario Maker na 2015, gem ɗin na'urar Wii U da kowa ke gina matakinsa ya ɗora a intanet. Ranar 31 ga Maris 2021 Nintendo ta hana ɗora sabbin matakai, a Afrilun 2024 kuma ta rufe intanet ɗin Wii U gaba ɗaya. Har wasu suka haɗa ƙungiya, Team 0%, suna rige-rigen cinye duk matakin da ba a taɓa cinyewa ba kafin a rufe. LittleBigPlanet ma haka, matakai sama da miliyan 10 mutane suka gina, a Afrilun 2024 ɗin Sony ta sanar cewa sabar, wato kwamfutar kamfani da ke riƙe da matakan, ba za ta dawo ba. Kowane ɗaya a cikinsu wani ne ya zauna ya ɓata darensa a kai. Abin yana taɓa min zuciya sosai.

Malam Auwalu, Obalende: Ku yi haƙuri in sa baki, na girme ku a harkar nan. Kun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Doom ya fito a 1993, kuma tun farko aka ware matakansa a cikin fayil daban da ake kira WAD. A 1997 kamfanin id Software ya saki tushen manhajar ga kowa. Shi ya sa har yau ake gina masa matakai, John Romero da kansa, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera shi, ya dawo ya fitar da Sigil a 2019. Editan Tomb Raider kuma tare da gem ɗin Tomb Raider Chronicles aka bayar da shi a 2000, da ya tsufa masoyan suka rubuta nasu sababbi suka ci gaba. Waɗannan ba wanda zai tashi da safe ya rufe su, domin fayil ɗin yana cikin filashinka. Abin da Rabi'atu ta lissafa kuwa duk a sabar kamfani suke zaune, zanen aro ne, ba ya rufe katara. Da ka tambayi yaron inda fayil ɗinsa yake kafin ka karya masa gwiwa, Nasiru.

Nasiru, Agege: Malam, Allah ya ƙara girma, na karɓi wannan bambancin. Amma ba a Amurka muke ba. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar Band A zuwa naira 225 kowane yunit, a Janairun 2025 kuma aka amince a ƙara kashi 50 a kuɗin kira da data. Wanda ya taɓa aiki da Hammer, editan taswirar Counter-Strike, ya sani, bayan ka gama jera bango sai ka bar kwamfuta ta lissafa haske da inuwa, in taswirar babba ce ka daɗe kana jira. Batirin yaron nan minti 20 ba ya yi.

Kuma bari in faɗa muku abin da ban faɗa ba. Ni ma na taɓa yi. Kusan shekara guda ina gina wani tsohon gari mai ganuwa da lunguna irin na cikin birnin Kano. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, na ji ƙauri, faifan ajiyar ya ƙone. Ban kwafa ko'ina ba. Da na ga taswirar yaron nan, wannan ƙaurin na tuna.

Rabi'atu, Idi-Araba: Ayya, Yaya. Allah ya mayar da alheri.

Bashir, Alaba Rago: Amin. Amma Yaya Nasiru, yaran yanzu ba sa jiran laftof. A waya suke gini, Craftland a Free Fire, World of Wonder a PUBG Mobile. Ƙanena yana zana fage a waya mai tsagaggen gilashi, ya tura wa abokansa lamba, da daddare su cika shi. Ga kuɗi kuma: tun Maris 2023 Epic ta ware kashi 40 na kuɗin shigar Fortnite ana raba wa masu tsibirai gwargwadon yadda ake buga nasu. Roblox ma yana biya.

Malam Auwalu, Obalende: Bashir, waɗannan ne ainihin filin aron. Ba za ka iya ɗauke faginka ka kai wani wuri ba. Kuɗin kuma yana bin inda jama'a suka taru ne, kuma su kansu Epic suna cikin masu cin rabon da nasu tsibiran. Editan Fortnite na ƙwararru ma sai kwamfuta mai ƙarfi. Ban ce ƙanenka ya daina ba, yana koyon inda ake ajiye mafaka da inda 'yan wasa za su yi karo, wannan ilimi ne da zai bi shi ko'ina. Amma kada ya ɗauka gida ya gina.

Habibu, Yaba: To ai maganata kenan. Wanda ya iya tsara taswirar da mutum goma za su buga awa biyu ba su gaji ba, ya iya abin da kamfanonin gem ke ɗaukar ma'aikaci dominsa, kuma taswirar ita ce shaidarsa.

Nasiru, Agege: Kamfanoni nawa ne a Legas ke neman mai zana mataki, Habibu? A nan ban yarda da kai ba. Sana'ar da za ta ciyar da shi dai ban gani ba tukuna. Amma na yarda ban kyauta ba da na ce ya bari. Fanka ce kawai ta mutu a laftof ɗin, na canja, zai zo karɓa ranar Asabar bayan La'asar.

Malam Auwalu, Obalende: Zan aiko da filashi biyu. Ka sa shi ya kwafe taswirar a gabanka kafin ya fita daga shagon, ɗaya ya tafi da shi, ɗaya ka ajiye a durowarka.

Habibu, Yaba: Ni ma zan zo da laftof ɗina mu gwada ta. Yaya Nasiru, ka tambaye shi ta wane ɓangaren layin dogon ake farawa.