Bayan an ce "a koma gida", wa ya koya muku jinya?

Maman Khalifa, Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau wata uku da rasuwar Hajiyarmu, sankarar mama ce. Ranar da aka sallame mu, likita ya ce sun yi iya yinsu, mu koma gida a ci gaba da addu'a. Muka ɗauko ta a adaidaita sahu da ledar magani guda. Daga ranar ni ce nas, ni ce likita, alhali ko juya mara lafiya ban iya ba. Cikin sati biyu gyambo ya fito mata a ƙugu, kuma har yau abin na cin raina. Don Allah duk wanda ya yi irin wannan jinya a gida, ko ma'aikacin lafiya, ya gaya mana abin da ya gani da wanda ya koya masa.

Auwalu Kurna: Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa jinyar ta zama kaffara. Yaya, kada ki ɗora wa kanki laifi. Mu shekara uku Baba yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Wani tsohon nas da muke sallah tare shi ya shigo wata rana bayan la'asar, ya naɗe hannun riga ya nuna mana. A juya shi duk bayan awa biyu, a sa filo tsakanin gwiwoyi, kada dunduniya ta dinga gogar katifa, zanin gado kuma a miƙar da shi sumul. In za a ba shi koko, a zaunar da shi tukuna, a yi kokon da ɗan kauri don kada ya shaƙe. Duka bai kai awa ɗaya ba, amma da shi muka ƙarasa jinyar.

Wani abu kuma, a dinga koya wa maza. Baba bai taɓa yarda 'ya'yansa mata su yi masa wanka ba, ni da ƙanena muka riƙe.

Anti Binta, ma'aikaciyar lafiya, Dorayi: Gaskiya ku kuka fi mu sanin nauyin. Ni a makaranta an koya mana rigakafi, awon ciki, zazzaɓin cizon sauro, amai da gudawa. Mutumin da ba zai warke ba kuwa, ban tuna an tsaya a kansa ba. Sai da na yi shekaru ina aiki a sha-ka-tafi sannan aka tura ni bitar kwana biyar kan jinyar sauƙaƙa raɗaɗi. A can na fara jin cewa ana tambayar ciwo da yatsun hannu: dunƙulallen hannu babu ciwo, yatsa biyar ciwon da ba ya jurewa. Tsohuwar da za ta ce miki "da sauƙi" saboda kawaici, in kika ce ta nuna da hannu sai ki ga ta ware huɗu. Aka koya mana matakai uku na maganin raɗaɗi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 1986, daga farasitamol har zuwa mofin, kuma a ba da magani ta baki, a kan lokaci, ba sai mutum ya fara ihu ba.

Bayan na dawo aka kai ni wurin wata baiwar Allah da ciwon mama ya fashe mata. An ware ta a ɗaki, an rufe ƙofa da labule, kwanon abincinta a bakin ƙofa ake ajiyewa saboda wari. Na wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi, na niƙa ƙwayar Flagyl na barbaɗa kamar yadda aka nuna mana, na koya wa 'yarta. Da na koma bayan kwana huɗu, jikarta na zaune a kan tabarmarta suna cin ɗanwake. Ba ta warke ba, wata biyu ta ƙara, amma cikin mutane ta yi su.

Famasis Nura, Hotoro: Anti Binta, ina tare da ke, sai dai bita ba magani a hannu rabin aiki ce. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, kowa a garin nan tsoron duk wani magani mai ƙarfi yake, har mu masu bayarwa. Dangi kuma da sun ji mofin sai su ce ai maganin ƙarshe ne, zai kashe shi. Alhali in likita ya auna, ana shan na ruwa duk bayan awa huɗu, mutum ya samu barci, ya yi sallarsa, ya yi hira. Babbar matsalarsa taurin bayan gida, shi ya sa ake haɗawa da mai sassauta ciki tun ranar farko.

A Yuganda Dakta Anne Merriman ta fara wannan aiki na jinyar sauƙaƙa raɗaɗi a 1993, kuma a 2004 aka ba nas-nas da suka samu horo na musamman damar rubuta mofin. A nan gida, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashensa a 2007. Mu a Kano da muke da ƙananan hukumomi 44, ba zai yiwu a ce sai mutum ya zo Asibitin Malam ko Murtala duk lokacin da ciwo ya motsa da tsakar dare ba. A horar da na kusa da mutane, a ba su likitan da za su kira.

Malam Habibu, Yakasai: Har mu malamai a sa mu a ciki. Sau nawa ake kirana in yi addu'a, dangi su ja ni gefe su ce kada a gaya wa mara lafiyar cewa ciwon ba na tashi ba ne. Shi kuwa ya sani, yana son ya faɗi bashin da ke kansa, ya yi wasiyya, amma kowa na ce masa za ka tashi. Yadda ake buɗe wannan magana ba tare da an yanke wa mutum ƙauna ba, abin koyo ne.

Ummi Sheka: Ku yi haƙuri na katse ku. Innata ciwon hanta ne, an sallame mu. Yau kwana biyu ta ƙi abinci, yayyena sun ce a ɗura mata kunu. Ya zan yi?

Anti Binta: Sannu ƙanwata, Allah ya ba da lada. Kada a ɗura mata, zai iya bin hanyar numfashi. In ciwo ya yi nisa jiki kan daina neman abinci. Ki ɗago kanta, ki gwada ruwa da ƙaramin cokali, in ta kawar da kai ki bari. Ki jiƙa auduga ki dinga goge mata baki da harshe, ki shafa mata basilin a leɓe. In kika ga tana yamutsa fuska ko nishi, ko ta fara ruɗewa, a sanar da likitanta yau. Gobe in sha Allahu in na tashi aiki ƙarfe biyu zan biyo, ki ce yayyen naki su tsaya a nuna musu tare.