Kabarin Nkrumah a Accra: wa ya taɓa zuwa?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Bayan salla, in Allah ya yarda, zan sauka Accra wurin yayana da ke Nima, kuma ina so in je inda aka binne Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko. Marigayi babanmu ya yi fataucin goro a Kumasi zamanin mulkinsa, har ya koma ga Allah bai daina yaba mutumin ba. Cewa yake baƙo bai san shi baƙo ne ba sai da Firaminista Busia ya kori baƙi daga Ghana a 1969. Ana barin ɗan Nijar ya shiga? Ta ina ake bi?

Mai Albasa na Zango:
Wa alaikumus salam. Ana bari mana, ƙanena. Daga Nima ka hau trotro, wato ƙaramar motar haya, zuwa Tema Station, daga nan ko da ƙafa ka isa, gefen Arts Centre yake. Ka canza sefarka zuwa sidi tun a Nima, kuma ka sani baƙo ya fi ɗan ƙasa biya a ƙofa.

An gyara wurin a 2023, ya yi kyau ƙwarai. A filin nan ne ya shelanta ƴancin Ghana ranar 6 ga Maris 1957. Kabarin na cikin ginin marmara, matarsa Fathia, ƴar Masar, tana kwance kusa da shi. Ni abin da ya tsayar da ni shi ne mutum-mutuminsa da aka sare wa kai a juyin mulkin 1966. Ga gangar jiki tsaye, ga kan an ajiye shi daban a gefe. Wallahi na daɗe ina kallo. A Romaniya ya rasu a 1972, sai 1992 aka kawo gawarsa nan. Kar ka yi gaggawa, ka shiga ɗakin kayan tarihi ka ga littattafansa da hotunansa.

Hajiya ta Garin Malam:
Ɗana, ka je, Allah ya tsare hanya. Amma mu Damagarawa abin da ya haɗa mu da Nkrumah ya wuce goro. Shi ya ba Djibo Bakary, ɗan adawar Nijar, da ƴan jam'iyyarsa ta Sawaba mafaka, kuma bayan harin da ƴan Sawaba suka kawo Nijar a 1964 gidaje da yawa nan sun ga kame. Kawuna na cikin waɗanda aka ɗauka, kakarmu ta yi ta kai tuwo ƙofar kaso ana maido mata. Har yau in an ambaci Ghana a gidanmu, tsofaffi gida biyu suke rabuwa.

Ɗan Birni:
Hajiya, Allah ya jiƙan magabata. In kin yarda zan zo gaishe ki kafin in tashi, ki ba ni labarin da baki. Alhaji Mai Albasa, ranar Lahadi suna buɗewa?