Shawarwarin Dattawa Kan Kama Sana'a Bayan Ritaya

A wata hira da tsofaffin ma'aikata suka yi a majalisarsu ta bayan la'asar a Birnin Kebbi, an tattauna abin da ke sa mutum ya kama sana'a bayan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki. Akasarinsu sun ce tsadar rayuwa ce kan gaba, domin kuɗin fansho ba ya tafiya daidai da farashin kasuwa, ga kuma 'ya'ya da jikoki a makaranta. Wasu kuwa zaman kashe wando ne ya fi tsorata su.

Shawarar da aka fi daɗewa a kanta, kuma a ganina ita ce mafi nauyi, ita ce kada mutum ya zuba duk kuɗin sallamarsa a harka ɗaya da bai san kanta ba. Wani tsohon malamin makaranta ya ce noman shinkafa a fadamar Argungu yana da riba, amma ambaliya ko tsadar man ban-ruwa na iya cinye jarin shekara guda, don haka gara a fara da ƙaramin fili tun ana bakin aiki. Game da albasar Aliero, an yi gargaɗin cewa ribarta tana ga ajiya, kuma wanda bai iya adana ta ba zai kwashe ruɓaɓɓiya.

An kuma ja kunne kan bayar da bashi ga dangi saboda kunya, tare da shawarar a raba kuɗin cefane da na jari, a riƙa rubuta shiga da fita kowace rana.