Makunnan tsohon tankin dumama ruwa sun ɗaure mini kai

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Kawuna ya ba ni riƙon wani tsohon gidan ma'aikata da ya saya a Zongo. A banɗaki akwai shofo, tankin nan na dumama ruwa da kuran, wato wutar lantarki, an rubuta lita 100 da 220 V a jikinsa. Hunturu ya kama, Inna ba ta iya alwalar asuba da ruwan randa, shi ya sa nake son tayar da shi. Kusa da konta, wato mitar wuta, akwai akwatin ƙarfe, ciki da fis biyu na tangaran, da ɗan makunni mai matsayi uku, 0, AUTO da I, da wani mai maɓalli an rubuta T. A gindin tankin kuma, ƙarƙashin murfi, akwai wani abin murɗawa mai lamba 1 zuwa 5 da ɗan jan maɓalli. Na sa AUTO tun la'asar, har isha ruwa sanyi ƙalau. Wanne ke yin me?

Baba mai gyaran wuta:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ko shekara ka bar shi a AUTO ba zai yi zafi ba. Kayan Faransa ne. Can akwai sa'o'in dare da kuɗin wuta ke sauka, konta ke aiko masa da umarni ta wata siririyar waya, sai ya kunna kansa. In babu wannan waya, zaman jira kawai yake. 0 kashewa ne, I kuma kunnawar dole, ita za ka yi amfani da ita.

Mai T shi ke tsaron ranka. In kuran ya fara zuba ta jikin tanki ko ta famfo, shi ke yankewa. Duba ko an rubuta 30 mA. Danna T wuta na kunne, ya faɗi nan take. In bai faɗi ba, kada kowa ya yi wanka sai an canza shi. Abin murɗawa na gindi shi ke ƙayyade zafi, bar shi a tsakiya. Jan maɓallin yana tashi ne in ruwa ya wuce kima. Ka kashe babban makunni, ka danna shi sau ɗaya. In ya sake tashi, akwai lalura a ciki, kira mai gyara.

Hajiya ta Sabon Gari:
Ɗana, kafin ka taɓa I, tabbatar tankin cike yake. Ka san halin ruwan Damagaram, yau ya zo gobe babu, gidan kuma ya daɗe a rufe. Buɗe famfon ruwan zafi har ya gama tari da tofar da iska, ruwa ya zubo sosai. Ƙarfen da ke dumama ruwan in ya sha wuta a bushe, ƙonewa yake. Namu haka ya tafi a hannun ƴan haya.

Ɗan Birni:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Na cika shi, T ya faɗi daidai, na sa I, ruwa ya yi ɗumi. Sai dai wani famfon tagulla a bututun ruwan sanyi yana ɗiga, an rubuta 7 bar. In toshe shi?

Baba mai gyaran wuta:
A'a, kul! Ruwa in ya yi zafi kumbura yake, ta nan yake samun mafita. Sa masa bokiti ko tiyo zuwa magudana. In yana zuba ko da shofo a kashe, to wataƙila shi ma ya tsufa. Fis ɗin tangaran nan su ne ban yarda da su ba, sau da yawa za ka tarar wani ya ɗaura musu wayar tagulla mai kauri, wadda ba za ta tsinke ba har bango ya yi hayaƙi. A cire su a sa disjonkta na 20 A, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, da waya mai kaurin 2,5 mm². Kuma ka gaya wa wanda zai yi aikin ya gwada kowace waya da abin gwaji, don a tsofaffin gidaje ana samun koriyar waya, wadda ake zaton ba ta da wuta, ɗauke da wuta.